Kuɗi suna nan yadda suke, kaya na raguwa: jawabi ga iyaye mata da wakilan lafiya na unguwa a Tawa

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku wakilan lafiya na unguwanni da ƙauyuka waɗanda muka saba kira rele, barkanku da zuwa. Na san wasunku sun baro Kalfu da Barmu da Afala tun da sassafe, wasu kuma sun bar surfe a turmi, don haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba.

Zan soma da labarin wata uwa da ta zo mana awo daga wani ƙauye na arewacin Tawa. Ɗanta yana da wata goma sha huɗu. Ba ya zawo, ba ya zazzaɓi, yana shan nono, amma wata uku a jere nauyinsa bai motsa ba. Muka tambaye ta ko ta canza wani abu a abincinsa. Ta rantse ba ta canza komai ba: kullum kunun gero ne, da ƙuli-ƙuli na dala biyar, da mai na dala biyar, da suga na dala biyar, kamar yadda aka koya mata. Gaskiya ta faɗa. Sai muka roƙe ta ta zo da cefanen kwana ɗaya mu gani da idonmu. Da ta kwance ƙullin man muka juye a cokali, bai cika cokali ɗaya ba, alhali lokacin da aka koya mata haɗin, man dala biyar yana cika biyu. Ƙuli-ƙulin kuwa, adadinsa yana nan, amma kowane ɗaya ya koma kamar zoben yarinya. Kuɗin da take kashewa ba su ragu ba ko da dala ɗaya. Abin da ke shiga cikin ɗanta ne ya ragu, ita kuwa ba ta sani ba, domin da kuɗi take ƙirga abincinsa, ba da cokali ba.

Wannan shi ne abin da ya tara mu yau. Tsada iri biyu ce. Akwai mai sallama, wadda za ki je kasuwar Lahadi a ce miki tiyar gero ta tashi, ki ji da kunnenki, ki dawo gida ki faɗa wa maigida. Akwai kuma wadda ba ta sallama: farashi yana nan, leda tana nan da launinta, amma abin da ke ciki ya ragu. Ta biyun ta fi wahalar kamawa, kuma ƙananan yara ne suka fi ɗanɗana ta.

Me ya sa take yawa a wurinmu? Ku duba kuɗin da ke ɗaure a bakin zanenku. Ƙananan sayayyarmu duk a kan ƙwandala suke tafiya: dala biyar, wato sefa 25, sai dala goma, sai dala ashirin. Dala ɗaya da dala biyu sun yi wuyar gani, ba a cika samun canjinsu ba. To, idan wake ya tashi, mai ya tashi, itace ya tashi, mai ƙosai ba ta da halin cewa ƙosan dala biyar ya koma dala shida. Ko dai ta tsallaka zuwa dala goma masu saye su watse, ko kuwa ta rage girman ƙosan. Sai ta rage. Haka mai waina, haka mai fura, haka mai burodi, haka mai tebur da ke ƙulla suga da gishiri a leda. Da yawa daga cikinku ma kuna wannan sana'a, kun fi ni sanin yadda ake yi, kuma ban zo don in zargi kowa ba. Wadda ta ce miki a fili, yau biyu ne dala biyar ba uku ba, ba ta cuce ki ba. Ita ma tsadar ce ta koro ta.

Shekarun nan kuwa tsadar ba ta huta ba. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin alkama da man girki a duniya. A ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi a kan duk kayan da ke shigo mana ta Birnin Ƙonni. Wata biyu bayan haka, a ranar 30 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki, ba a ɗage shi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Kowa a nan ya tuna yadda shinkafa ta yi a watannin nan. Abin da na lura da shi, idan abubuwa suka lafa farashin buhu yakan sauko, amma ƙullin da ya ƙanƙance da wuya ya koma girmansa na da.

Kada ku zaci mu kaɗai ne. A 2016 a Ingila an rage wani cakulan mai suna Toblerone daga giram 400 zuwa 360, aka faɗaɗa giɓin da ke tsakanin haƙoransa, kwalin kuwa tsawonsa bai canza ba. A Faransa abin ya kai ga doka: daga 1 ga Yuli 2024, manyan kantuna dole su liƙa sanarwa har wata biyu a gaban kayan da aka rage yawansu alhali kuɗinsu bai sauko daidai da ragin ba. Mu a kasuwar Tawa ba wanda zai liƙa mana takarda. Idonmu da ma'auninmu su ne sanarwarmu.

Bari mu tsaya a kan tiya, domin nan ne asarar ta fi girma. A ƙa'ida tiyar gero kilo biyu da rabi ce, buhun kilo 100 kuma tiya arba'in. Da wannan lissafi ne hukumar OPVN ke sayar da cimaka a farashi mai rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa: shekaru da dama buhu yana sefa 13,000, tiya ta kama sefa 325, wato dala 65. Amma tiyar kasuwa ba ɗaya ba ce. Akwai sabon kwano, akwai tsoho wanda bakinsa ya cinye, akwai wanda aka buga gindinsa ya shiga ciki. Akwai mai awo da ke cikawa har da tozo ya tare da hannu, akwai mai sharewa daidai baki. Ni kaina an taɓa auna mini tiya huɗu a wata kasuwar ƙauye, har da gyara, ina ta godiya, da na isa gida na juye a kwanona sai ga uku da rabi da ɗan wani abu. Gyaran da aka yi mini daga cikin gerona aka ɗebo shi. Manoman albasa na Tamaske da Galmi sun san ɗaya fuskar wannan: idan su ne masu sayarwa, buhu yakan yi hula, ya ci fiye da yadda aka saba, kuɗinsa kuwa na buhu ɗaya ne. Ma'auni yana kumbura idan talaka zai sayar, ya tsuke idan zai saya. Malamanmu sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifin, wadda ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Buga gindin kwano ba rage girman ƙosai ba ne. Wannan ha'inci ne, kuma sarkin kasuwa yana da hurumin jin ƙararsa.

Ga misali, ku riƙe shi a matsayin misali kawai, ba farashin yau ba. Mai awo na farko yana sayar da tiya dala 150. Na biyu yana kiran dala 140, kowa ya yi wurinsa. Kin zo gida kin auna da gwangwaninki: tiyar na farko ta ba ki gwangwani goma, ta na biyu ta ba ki tara. A wurin na farko gwangwani ya kama dala 15. A wurin na biyu ya haura dala 15 da rabi. Mai arahar shi ne mai tsadar. Idan kuma gidanki yana cin tiya ɗaya a yini, kullum ana tauye miki gwangwani ɗaya cikin goma, to a wata kin yi asarar tiya uku, abincin kwana uku ke nan. A cikin Yuli da Agusta, lokacin da ake noma rumbu kuwa babu komai, kun san abin da kwana uku suke nufi.

Saboda haka abu na farko da nake roƙon kowace uwa shi ne ta yi ma'aunin gida. Ba sai sikeli ba. Gwangwani ɗaya na ƙarfe wanda bai lotse ba, da kwalba ɗaya da kika ɗaura wa zare ko kika yi wa alama, da cokali ɗaya na cin abinci. Kada a ba da aronsu, kada a canza su. Duk abin da ya shigo daga kasuwa, a juye a ciki kafin a taɓa. Cikin kasuwa uku ko huɗu za ki gane wane mai awo ne kwanonsa ke cika, ki riƙe shi ko da ya ɗara da dala biyar. Ki kuma duba hatsin kansa, domin tiya takan cika da tsakuwa da ƙaiƙayi, wake yakan zo da huji, abin da ya rage bayan sheƙa da tsinta shi ne abin da kika saya.

Kayan leda da gwangwani kuwa, nan aikin rele yake, tunda yawancinku kun yi makaranta. A jikin kowane akwai lambar nauyi, sau da yawa can ƙasa da ƙananan haruffa. A kayan da aka rubuta da Faransanci za ku ga «poids net». Na Najeriya da Ingilishi ake rubutawa, amma lambar da harafin duk ɗaya ne: g giram ne, kg kilo ne, ml da cl da L na ruwa ne da mai. Lita ɗaya ita ce cl 100, ita ce ml 1000. Kwalbar da aka rubuta 90 cl ko 75 cl ba lita ba ce, ko da tsayinta ya kai na lita. Ku ɗauka ledar tumatir ta sauko daga giram 70 zuwa 60 a kan kuɗi ɗaya. Giram goma ba ya cika ido, amma sabuwar leda takwas ba ta kai tsohuwa bakwai ba. Ku riƙa ajiye tsofaffin ledoji a cikin littafin aikinku, ku rubuta wata da kuɗin da aka saya. Ranar da kuka jera tsohuwa da sabuwa a gaban mata, ba sai kun yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Kada ku yarda da girman leda, iska ma tana cika ta. Kada kuma ku ɗauka babban gwangwani kullum ya fi araha. Sau da yawa haka ne, amma a raba kuɗin da giram a gani. Babban gwangwanin tumatir da aka buɗe a zafin Afrilu a gidan da babu firji, rabinsa na kaji ne. Kauɗar tumatir ta gida ba ta da wannan matsala.

Akwai ragin da sikeli ma ba ya kamawa, wato a bar nauyin a canza abin da ke ciki. Madarar gari da yawa da ake sayarwa a ƙananan ledoji a Afirka ta Yamma an cire mata man shanunta an maye shi da man itace, galibi manja da aka tace. A jikin ledar ana rubuta «matière grasse végétale». Tana yin fari a shayi, amma ba ɗaya take da cikakkiyar madara ba, kuma ba abincin jariri ba ce. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Wanda ya haura wata shida, nonon akuya ko na saniya da aka tafasa aka zuba a kunu ya wadatar, tare da ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Man girki kuma, wanda ke cikin rufaffen mazubi mai tambarin «ENRICHI» an ƙara masa bitamin A. Wanda aka ɗura a kwalba yana shan rana a kan tebur, ba ki san asalinsa ba, rana kuma tana lalata bitamin ɗin. Gishiri a nemi mai ayodin, a rufe shi.

Yanzu mu koma ga yaro. Tun da ƙullin kasuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, daga yau kada rele ya sake koya wa uwa haɗin kunu da cewa «na dala biyar» ko «leda ɗaya». Wannan kuskurenmu ne mu ma'aikata, mu muka koyar da shi haka don ya yi sauƙin riƙewa, matar da na ba ku labarinta ba ta da laifi. A koyar da cokali da kofi. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 yana cin abinci sau biyu zuwa uku a yini, a soma da cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har rabin kofi mai cin ml 250. Daga wata 9 zuwa 11, sau uku zuwa huɗu, rabin kofi kowane ci. Daga wata 12 zuwa 23, sau uku zuwa huɗu, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakke, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba idan an karkata shi. Ina jaddada wannan ne don na san dabarar da uwa ke yi idan gari ya yi kaɗan: a ƙara ruwa kofi ya cika. Wannan ma tauye mudu ne, a cikin gida, ba da nufi ba. Cikin yaro ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi babu wurin abinci. Kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin a cikin kwanon yayyensa ba wanda ya san lomar da ya samu.

Idan kuɗin cefane ba su kai ba, sai a yi tambayar da ta fi ta giram: wannan dala ashirin, me za ta gina a jikin yaro? Biskit na leda da lemon kwalba suna rufe masa baki, ba sa gina shi. Kuɗin nan idan suka tafi ga ƙwai, ko wake, ko gyaɗa, ko busasshen kifi da za a daka a barbaɗa, sun yi aiki. Ƙwan zabi yana yawaita da damina, daidai lokacin da hatsi ke tsada. Zogale da tafasa da rama da kuka ba a rage musu giram. Dunƙulen magi kuwa, kusan rabinsa gishiri ne. Idan ya ƙanƙance kada ki ninka shi, daddawarmu tana nan.

Wata magana ga maza, rele ku kai musu. Adar ƙasar masu tafiya biɗa ce, magidanta da yawa suna Abijan ko Libiya ko Najeriya, suna aiko da abin da suka saba aikowa. Wanda ke gida ma yana ajiye kuɗin cefanen da ya saba ajiyewa tun bara. Idan miya ta yi ruwa sai a ce uwargida ba ta iya tattali ba, ko tana ɓoye canji. Na ga gidajen da wannan ya jawo ɓacin rai. Ki ajiye gwangwaninki a gabansa, ki juye cefanen yau ya gani. Hujjar da ke cikin gwangwani ta fi ta baki sanyi.

Mai saye kaɗan-kaɗan shi ya fi kowa biyan tsada, domin kowane ƙulli da ribarsa da kuɗin ledarsa. Waɗanda ke cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka soma a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasa duka, kuna da hanya a hannu. Mata goma su haɗa su sayi jarkar mai rufaffiya, ko buhun wake da kaka, a raba da ma'auni ɗaya a gaban kowa. Kafin ku saya ku saurari farashin da SIMA, hukumar da ke bin kasuwannin amfanin gona, ke bayarwa. Da kilo take faɗa. A ninka farashin kilo sau biyu da rabi, an sami na cikakkiyar tiya.

Leda ɗaya ce na san ba ta raguwa: Plumpy'Nut, abincin gyaɗa da ake ba yaro mai tamowa, wanda wasu ke ce wa biskit. Giram 92 ne, kalori 500, kuma ma'aikacin lafiya ne ke ƙirga wa yaro adadin da ya dace da shi. Kyauta ake bayarwa. Idan aka raba shi da yayye, ko aka kai rabi kasuwa don a sayo hatsi, mu da hannunmu muka rage ledar. Na san yunwar gida ce ke sa hakan, ba rashin tausayi ba. Uwar da ta shiga wannan hali ta faɗa wa rele, a duba ko akwai taimakon da gidan ya cancanta.

Zaren awon damtse yana hannun da yawa daga cikinku. Ku auna duk yaro daga wata 6 zuwa 59, aƙalla sau ɗaya a wata, da damina kuwa kowane mako biyu. Kore, milimita 125 zuwa sama. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, a kai shi CSI cikin makon. Ja, ƙasa da 115, ko kuwa ƙafafu biyu sun kumbura har yatsa ya bar gurbi, a tafi a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Zama mai zuwa kowace uwa ta zo da gwangwaninta da kwalbarta da cokalinta. Za mu aro sikeli, mu cika kowane gwangwani da gero da wake mu auna, rele ya rubuta nauyin a jikinsa da fenti. Rele kuma kowa ya zo da tiya ɗaya da ya sayo a kasuwar garinsu, za a mayar masa da kuɗinsa, mu jera ta Tawa da ta Barmu da ta Kalfu da ta Keita mu ga wadda ta kai kilo biyu da rabi.